Yadda ake gano rikicin ECN da tsohuwar katangar tsaro, da yadda ake gyara shi

Matsalar takan zo da siffa mai ruɗarwa. Kwamfuta tana shiga kusan ko'ina a intanet lafiya lau, amma saba guda ta ƙi amsa mata, ko kuma kowane sabon haɗi sai ya yi jinkirin daƙiƙa ɗaya kafin ya kama. Ka yi `ping`, amsa ta dawo. Wata kwamfutar da ke kan layi ɗaya da ita ta shiga wannan sabar ba tare da wata tangarɗa ba. Idan haka ta faru bayan an sabunta manhajar na'ura, ko an taɓa saitin TCP, ko an sauya hanyar da bayanai ke bi, to a cikin abubuwan da ya kamata a fara zargi akwai ECN, wato tsarin sanar da cunkoso ƙarara, da wata tsohuwar katangar tsaro (firewall) a hanya wadda ba ta san shi ba.

Maganin da aka fi yaɗawa shi ne a kashe ECN gaba ɗaya. Yana aiki, amma magani ne na rago: na'ura guda ce ta lalace, aka hukunta dukkan sauran haɗe-haɗen. Abin da ya fi shi ne a gano irin lalacewar, a gano inda take, sannan a gyara wurin ko a kewaye shi shi kaɗai.

Abin da ECN ke yi, da bit huɗu da rikicin ke kansu

A tsohon tsari, idan layin jira ya cika a cikin rauta, wato na'urar da ke miƙa bayanai daga hanya zuwa hanya, sai ta jefar da fakiti, wato ƙunshin bayanai. Mai aikawa ya lura fakiti ya ɓace, ya rage gudu, ya sake aikawa. Asarar ita ce saƙon. ECN, wanda aka tsara a RFC 3168 a watan Satumba na 2001, ya ba rauta wata hanyar: maimakon ta jefar da fakitin, sai ta yi masa alama ta bar shi ya wuce. Mai karɓa ya ga alamar, ya gaya wa mai aikawa, shi kuma ya rage gudu kamar dai an yi asara, alhali ba abin da ya ɓace kuma ba a jira sake aikawa ba.

Bit biyu na farko suna cikin kan IP, wato sashen farko na fakiti (header), a ƙarshen bayit na biyu, wanda a da ake kira ToS. Bit shida na sama na DSCP ne, wato alamar fifikon fakiti, biyun ƙasa na ECN. Idan 00 ne, fakitin bai san ECN ba. Idan 10 ne, sunansa ECT(0), idan 01 ne ECT(1), dukansu na nufin mai aikawa zai fahimci alama. Idan 11 ne, shi ne CE: wata rauta a hanya ta ga cunkoso.

Sauran biyun suna cikin kan TCP, a bayit mai lamba 13, tare da sauran tutoci. ECE darajarta 0x40, CWR kuma 0x80. Da su ake yarjejeniya tun a gaisuwar farko. Mai buɗe haɗi yana aika SYN, fakitin neman buɗe haɗi, ɗauke da ECE da CWR, jimillar bayit ɗin ta zama 0xC2. Idan saba ta yarda, sai ta mayar da SYN-ACK mai ECE kaɗai, wato 0x52. Idan ta mayar da 0x12 tsurarsa, ba ta yarda ba, haɗin ya ci gaba ba ECN, ba kuma wata matsala. Bayan yarjejeniya, mai karɓa yana maimaita ECE a kowane ACK, wato amsar tabbatar da karɓa, tun daga lokacin da ya ga CE, har sai mai aikawa ya ɗaga CWR don nuna ya ji kuma ya rage.

A nan gizo ke saƙa. RFC 793 na shekarar 1981 ya ce waɗannan wurare biyu na TCP ajiyayyu ne, a bar su sifili. Masu ƙera katangar tsaro na wancan zamani suka ɗauka duk fakitin da ya zo da wani abu a wurin, na mai leƙen asiri ne ko na mahari. Kuma ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin kayan binciken tashoshi sun riƙa ɗaga irin waɗannan tutoci don gane irin manhajar da saba ke amfani da ita. Da Linux 2.4 ta fito a 2001 da ECN, waɗanda suka kunna shi suka iske shafuka da yawa sun rufe musu ƙofa. Abin ya kai har Sally Floyd, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara ECN, ta rubuta RFC 3360 a 2002 musamman kan illar katangar da ke mayar da RST, wato fakitin yanke haɗi, ga irin wannan SYN. A ɓangaren IP ma akwai tsohon gado: a RFC 1349, darajar 0x02 na nufin a bi hanya mafi arha, kuma ita ce daidai darajar ECT(0) a yau. Tsohuwar na'urar da ke zaɓen hanya bisa wannan bayit tana iya karkatar da fakitin ECN zuwa wata hanya dabam.

Mataki na 1: duba ko na'urarka na neman ECN

A Linux:

`sysctl net.ipv4.tcp_ecn net.ipv4.tcp_ecn_fallback net.ipv4.tcp_congestion_control`

Darajar 0 a `tcp_ecn` na nufin a kashe yake. Darajar 1 na nufin na'urar tana nema idan za ta fita, tana kuma yarda idan an nema. Darajar 2, wadda Linux ke zuwa da ita, na nufin ba ta nema da kanta amma tana yarda idan wani ya nema. Duk da kalmar `ipv4` a sunan, saitin ya shafi IPv6 ma. Ka kula da layi na uku, wanda ke nuna tsarin kula da cunkoso da na'urar ke amfani da shi: idan ka ga `dctcp`, to na'urar za ta nemi ECN ko mene ne aka sa a `tcp_ecn`, domin DCTCP ba ya aiki sai da shi. Haka kuma kowace kwantena mai nata keɓaɓɓen netwok tana da nata darajar, don haka a duba daga cikinta.

A Windows umarnin shi ne `netsh interface tcp show global`, ka nemi layin ECN. A FreeBSD, `sysctl net.inet.tcp.ecn.enable`. A macOS, `net.inet.tcp.ecn_initiate_out` da `net.inet.tcp.ecn_negotiate_in`.

Kada ka tsaya a kwamfutar da ke kuka kawai. Sabar Linux mai daraja 2 za ta yarda da ECN duk lokacin da wayar wani ta nema, kuma na'urorin Apple sun daɗe suna nema. Don haka katangar da ke gaban sabarka tana iya cutar da wasu baƙi kaɗai, kai kuma da ke gwaji daga wata kwamfutar Linux ba za ka taɓa gani ba.

Mataki na 2: kama fakitin da idonka

Buɗe taga biyu. A ta farko, da ikon root, ka sa adireshin sabar a madadin wannan na misali:

`tcpdump -n -v -i eth0 host 203.0.113.10 and tcp port 443`

A ta biyu ka buɗe haɗi da `curl -v https://203.0.113.10/`. A sakamakon tcpdump, `[SEW]` shi ne SYN mai neman ECN, `[S.E]` amincewar saba, `[S.]` amsa ba amincewa, `[R.]` kuma korar kai tsaye. Zaɓin `-v` ne ke nuna bayit ɗin IP, kamar `tos 0x2,ECT(0)` ko `tos 0x3,CE`. Ka sani shi kansa SYN a tsarin RFC 3168 ba ya ɗaukar ECT, haka ACK marar bayanai. Sai fakitin farko mai ɗauke da bayanai za ka fara ganin alamar.

Abin da ka gani zai faɗa cikin ɗaya daga huɗu.

Na farko, `[SEW]` ya fita, shiru, bayan daƙiƙa ɗaya `[S]` tsurarsa ya fita, amsa ta zo nan take. Katanga ce ke haɗiye SYN ɗin ba ta ce komai ba, abin da ya cece ka shi ne `tcp_ecn_fallback`, wanda aka ƙara a Linux 4.1, yana cire tutocin biyu idan za a sake aikawa. Wannan shi ne tushen jinkirin daƙiƙa ɗaya a kowane sabon haɗi. A tsohuwar Linux, ko inda aka mayar da saitin 0, SYN zai yi ta maimaituwa da tutocinsa har lokaci ya ƙare.

Na biyu, `[SEW]` ya fita, `[R.]` ya dawo cikin ƙiftawar ido, manhaja ta ce an ƙi haɗi. Wannan ya fi na farko muni, domin ja da bayan Linux yana aiki ne a lokacin sake aikawa kawai, RST kuwa yana kashe yunƙurin kafin a kai nan. Kwatanta TTL, wato lambar da kowace rauta ke ragewa idan fakiti ya wuce ta, na wannan RST da na amsar `ping` daga sabar. Idan sun bambanta, alama ce mai ƙarfi cewa wata na'ura a tsakiya ce ta ƙirƙiro shi da sunan sabar.

Na uku shi ne mai wahalar ganewa. Gaisuwa ta kammala lafiya, an yarda da ECN, sai fakitin bayanai masu ECT suka riƙa ɓacewa. Haɗin ba ya mutuwa gaba ɗaya, yana rarrafe ne, domin ƙa'idar RFC 3168 ta hana sa ECT a fakitin da aka sake aikawa. Sabon fakiti ya ɓace, maimaicinsa ya wuce, na gaba ya ɓace, haka dai. Mutane da yawa kan ɗauka matsalar MTU ce, wato iyakar girman fakiti, su ɓata yini a kanta. Bambancin a fili yake: a matsalar MTU manyan fakiti ne kawai ke ɓacewa kuma maimaicinsu ma ba ya wucewa, a nan kuwa har ƙanana suna ɓacewa, maimaici kuma yana isa.

Na huɗu, komai na wucewa amma an taɓa bit ɗin a hanya. Wannan ba a ganinsa sai an kama fakiti a ɓangarori biyu lokaci guda. Idan ka aika ECT(0) ya isa da 00, an wanke shi. Ba za ka ji ciwo ba, amma ECN ya zama ado, rautocin da ke gaba za su koma jefarwa. Mafi haɗari shi ne na'urar da ke goge CE bayan wata rauta ta riga ta sa, ko ke cire ECE daga ACK bayan an yi yarjejeniya, domin saƙon cunkoso ya ɓace kuma mai aikawa bai rage ba. Akwai kuma kishiyarsa, inda kowane fakiti ke isa da CE, gudu ya faɗi ƙasa warwas a kan layin da ba kowa a kai.

Mataki na 3: tabbatar da zargi

Gwaji mai sauƙi: `sysctl -w net.ipv4.tcp_ecn=0`, sake haɗi, sannan ka mayar da shi 1 ka sake. Sauyin yana shafar sababbin haɗe-haɗe ne kawai, don haka kada ka gwada da burauzar da ke riƙe da tsohon haɗi a buɗe. Idan ba ka son taɓa saitin na'ura mai aiki, yi amfani da hping3, manhajar ƙera fakiti da hannu:

`hping3 -S -p 443 -c 3 203.0.113.10`

`hping3 -S -X -Y -p 443 -c 3 203.0.113.10`

A hping3, `-X` shi ne 0x40, `-Y` kuma 0x80, wato ECE da CWR da tsofaffin sunayensu na lokacin da ba su da aiki. Idan umarni na farko ya sami amsa uku, na biyu bai sami ko ɗaya ba ko ya sami RST, magana ta ƙare. Ka yi irin wannan gwaji ne a kan sabar da take taka ko wadda aka ba ka izini.

Mataki na 4: gano inda na'urar take

`traceroute -n -T -p 443 203.0.113.10`

`traceroute -n -T -p 443 -O ecn 203.0.113.10`

Ka jera sakamakon biyu gefe da gefe. Inda na biyu ya koma taurari alhali na farko ya ci gaba, can ne. Wasu katangu ba sa rage TTL, don haka ba za su bayyana da adireshinsu ba. Abin da za ka samu shi ne tazara: tsakanin zango na ƙarshe da ya amsa da wanda ke biye. Idan tun zango na ɗaya ko na biyu ne, na'urar a gidanka take. Idan dab da ƙarshe ne, ta masu sabar ce.

Don bit ɗin IP, gwada `ping -Q 2` da `ping -Q 0`, sannan `traceroute -n -t 2`. Akwai wata dabara mai amfani a nan. Saƙon ICMP da kowace rauta ke mayarwa idan TTL ya ƙare yana ɗauke da kwafin kan fakitinka kamar yadda ya iso mata. Idan ka bar `tcpdump -n -v icmp` yana gudana yayin traceroute, za ka ga `tos 0x2` a cikin kwafin zango bayan zango, har zuwa inda ya koma `tos 0x0`. Mai wankewar yana tsakanin zango na ƙarshe da ya nuna `tos 0x2` da wannan zangon. Idan hanyar ta bi ta ramin VPN, ka fara zarginsa: RFC 6040 ya bayyana yadda ya kamata a kwafi bit ɗin zuwa kan waje a mayar da CE ciki idan an fito, kuma ba kowace tsohuwar manhajar rami ce ke bin wannan ba.

Mataki na 5: gyara a katangar, idan taka ce

Fara da sabunta manhajar na'urar, domin wannan kuskure ne da masu ƙerawa suka daɗe da sani. Idan na'urar ta tsufa har an daina fitar mata da sabuntawa, to ECN ƙaramin abu ne cikin matsalolinta, lokacin sauya ta ya yi.

Bayan haka ka shiga sashen tantance TCP ko na gano kutse, ka nemi saitin da ke da kalmar `reserved` a sunansa. Galibi zaɓi uku ne: a bari, a goge, ko a jefar. A bari shi ne daidai. Gogewa ana iya jure ta idan tana faruwa tun daga SYN, domin yarjejeniyar ba za ta ƙullu ba, haɗin ya tafi ba ECN cikin lumana. Jefarwa ita ce cutar.

Sai dokokin da aka rubuta da hannu. Kuskuren da aka saba shi ne kwatanta bayit ɗin tutoci gaba ɗayansa da 2 don gane SYN. Irin wannan doka ba ta ganin 0xC2, sai fakitin ya faɗa cikin dokar ƙarshe ta hana kowa. Daidai shi ne a rufe sauran bit a duba SYN da ACK kaɗai. Ko a matatar tcpdump haka ne: `tcp[13] == 2` zai ɓoye maka duk SYN mai ECN, `tcp[13] & 0x12 == 2` ne zai nuna duka. A iptables, `--syn` yana duba SYN, RST, ACK da FIN ne kawai, don haka ba shi da wannan aibi.

Dokokin fifita zirga-zirga su ne manyan masu wanki. `-j TOS --set-tos 0x10` yana rubuta bayit ɗin duka idan ba a ba shi abin rufewa ba, ya share ECN. A mayar da shi `-j DSCP --set-dscp`, wanda ke taɓa bit shida na sama kaɗai. Haka wajen dubawa: DSCP 46, wanda ake ba murya, a bayit cikakke 0xB8 ne, amma da ECT(0) ya zama 0xBA, da CE kuma 0xBB. Dokar da ke neman 0xB8 daidai za ta kasa gane biyun nan, ta jefa su layin gama-gari.

Mataki na 6: kewayewa, idan ba taka ba ce

Aika wa masu ita sakamakon tcpdump da na traceroute biyun, su ne hujja. Kafin su gyara, cire ECN ga wannan adireshi kaɗai:

`iptables -t mangle -A POSTROUTING -p tcp -d 203.0.113.10 -j ECN --ecn-tcp-remove`

Wannan yana aiki ne a teburin `mangle` kawai, da `-p tcp`, kuma a IPv4 kaɗai. Idan aka sa shi a rautar bakin ƙofa, zai yi aiki ga dukkan kwamfutocin da ke bayanta.

Ana iya juya lissafin. A bar `tcp_ecn` a 2, a kunna nema ga hanyoyin da aka tabbatar da lafiyarsu kawai:

`ip route replace 198.51.100.0/24 via 192.0.2.1 dev eth0 features ecn`

Wannan ya fi dacewa ga wanda ke son ECN tsakanin sabobinsa amma bai amince da sauran duniya ba, kuma yana aiki a IPv6 ma. A Windows ba a saba da irin wannan rarrabewa ba, abin da ke hannu shi ne `netsh interface tcp set global ecncapability=disabled`, don haka gara a yi kewayen a rauta. Duk saitin `sysctl -w` yana gushewa idan an sake kunna na'ura. Don ya zauna, rubuta shi a fayil kamar `/etc/sysctl.d/90-ecn.conf`, ka gudanar da `sysctl --system`. Ka kuma rubuta dalili da kwanan wata kusa da kowace dokar kewaye, domin irinsu kan shekara goma a wurin bayan an jefar da katangar da ta jawo su.

Mataki na 7: tabbatar ECN na aiki da gaske

Ganin `[S.E]` yarjejeniya ce kawai. `ss -ti` zai nuna `ecn` idan an ƙulla, da `ecnseen` idan fakiti mai alamar ECN ya iso da gaske. Idan akwai na farko babu na biyu bayan an karɓi bayanai, ana wanki a hanyar dawowa. `nstat -az | grep -E "ECT|InCE"` zai ba ka ƙidayar fakitin kowane iri.

Amfanin kuwa ba ya zuwa sai akwai mai sa alama a wurin da layi ya fi ƙunci. Layin jira na gargajiya ba ya sa CE, jefarwa kawai ya sani. Ana buƙatar mai kula da layi irin su fq_codel, wanda ke zuwa da ECN a kunne kuma yana fara aiki idan jinkirin jira ya daɗe sama da milisakan 5, ko CAKE, wanda ya shiga Linux a 4.19. Kuma dole layin ya taru a na'urarka, ba a modem ba. Idan gudun fitarka megabit 20 ne, ka taƙaita shi kaɗan ƙasa da haka:

`tc qdisc replace dev eth0 root cake bandwidth 18mbit`

Cika layin da iperf3, manhajar gwada gudun layi, na daƙiƙa 30, ka duba `tc -s qdisc show dev eth0`. A CAKE ka dubi `marks` da `drops`, a fq_codel kuma `ecn_mark`. Idan alamomi na hawa, jefarwa ta tsaya kusa da sifili, kuma tcpdump na nuna ECE na dawowa CWR na fita, da'irar ta cika.

Tsugune ba ta ƙare ba ga wanda ya gwada ECT(0) kaɗai. L4S, sabon tsarin rage jinkiri wanda aka wallafa a RFC 9330 zuwa 9332 a Janairun 2023, yana amfani da ECT(1), kuma sabuwar hanyar mayar da rahoto ta AccECN tana ɗaga tuta ta uku a SYN, a bit na ƙarshe na bayit mai lamba 12, wurin da katangu da yawa da suka koyi ECE da CWR har yanzu ke ɗauka ajiyayye ne. QUIC kuma, sabon tsarin haɗi da burauzoji ke amfani da shi, yana tafiya a kan UDP maimakon TCP, yana gwada hanyar da kansa, ya daina sa ECT shiru idan ƙidayar ba ta daidaita ba, don haka ba zai yi maka kuka ba ko da ana wanki. Duk lokacin da ka gama gyara katanga, maimaita gwajin mataki na 4 da `ping -Q 1` da `traceroute -n -t 1`, ka kuma kama SYN da matatar `tcp[12] & 1 != 0` a ɓangarorin katangar biyu ka ga ko abin da ya shiga shi ne ya fito.